Ra'ayinmu: Littafin bashi na neman rumbu na biyu

Jama'a ƴan kasuwa, maza da mata, yau zancenmu a kan dukiyar da ba a gani ne. Daga Magariya zuwa Dungas, daga Bande zuwa Dogo-Dogo, lissafin da a da ake rubutawa a takarda ya koma cikin salula da kwamfuta: sunayen masu bashi, buhunan wake da riɗi da aka tura, lambar dillali a Maigatari, zubin adashi. Ran da injin ya mutu, wa zai shaidi wa ya biya, wa bai biya ba?

Ba tsoratarwa muke ba. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, aka koma kan janareto, kuma wutar da ke zuwa tana ɗaukewa ita ce babbar abokiyar gabar kwamfuta. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano. A 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Damagaram, balle shagon laka. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Dabara biyu ce, kada a haɗa su. Ta farko ita ce zangon komawa, wanda injin mai Faransanci ke kira point de restauration. Tun shekarar 2000 kamfanin Microsoft ya saka shi cikin Windows. Aikinsa shi ne ya riƙe yadda injin yake a ranar da yake lafiya, ta yadda in wata sabuwar manhaja ta rikita shi, sai a maido shi baya. Sau da yawa a kashe yake zuwa, don haka a sa mai gyara ya kunna shi, a kuma kafa zango kafin a saka kowane sabon abu.

Amma a kula! Zangon komawa ba ya maido lissafin da aka goge, ko hoton rasit. Kuma a cikin injin yake zaune: in injin ya ƙone ko aka sace, tare za su tafi.

Nan dabara ta biyu ke shigowa, wato kwafe bayanai. Manomi mai hankali ba ya ajiye iri a rumbun da ake ɗiba kullum. Kowane mako, da an tashi kasuwa, a kwafe lissafi cikin kile USB, a zare ta, a kai gida. Kwafi ɗaya kuma ya zauna wani wuri dabam, ko a intanet. Mai WhatsApp ta sa ɗanta ya kunna mata ajiyar Google Drive, ta rubuta lambar sirri a takarda ta adana. Lokaci lokaci a buɗe kwafin a tabbata yana nan. Manyan basussuka kuwa, a ci gaba da rubuta su a littafi gaban shaidu.

Muna kira ga shugabannin ƴan kasuwa da na ƙungiyoyin mata su gayyato matasan da suka san aikin su koya wa mutane. Masu gyara kuma su ji tsoron Allah, kada su wanke injin mutum ba su kwafe masa kayansa ba.

Kuɗin kile bai kai rigimar bashi ɗaya ba. Allah ya tsare mana dukiya da zumunci, amin.