Feshi Ba Shi Ne Noman Zamani Ba

A Tsiga da sauran garuruwan ƙasar Bakori, kai har Funtua da Malumfashi, akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutane: wai manomin da ya waye shi ne wanda gonarsa take fes, ba itace, ba ciyawa ko da a iyaka, sai masara layi-layi daga wannan kai zuwa wancan. Wanda ya bar gawo ko ɗorawa a tsakiyar gona, ko ya haɗa dawa da wake da kabewa, sai a ce har yanzu noman kakanni yake yi. Da damina ta faɗi, kafin a tambayi mutum wane iri ya shuka, sai a tambaye shi kwalba nawa ya fesa. Ni dai ban yarda da wannan magana ba. Tana cin ƙasarmu, tana cin lafiyarmu, kuma mu ne muke biyan kuɗin da hannunmu.

Maganar ba daga sama ta faɗo ba. A 1975 aka fara shirin bunƙasa noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin ukun farko a Najeriya, tare da na Gusau da na Gombe. Shirin ya yi aiki, ba mai musu: ya buɗe hanyoyin karkara, ya kawo ingantaccen iri da taki mai rahusa, ya ɗauko masara daga bayan gida ya kai ta babbar gona. Sai dai darasin da ya bari shi ne iri guda, buhun taki, sai magani. Rahusar ta tafi tuntuni, buhun kamfa da yuriya ya fi ƙarfin talaka, amma darasin yana nan, har mun ƙara masa gishiri.

Na san dalilin da ya sa mutane suka rungumi feshi, kuma ba na raina shi. Ƙwadago ya yi tsada. Matasan da a da suke noman firi da maimai sun tafi birni. Ga rashin tsaron da ya addabi kudancin Katsina, wanda ya sa kowa yake so ya shiga gona ya fito da wuri. Mutumin da zai gama da kwalba biyu abin da fartanya za ta ɗauki mako, ba za ka ce masa wawa ba. Amma a zauna a yi lissafin har ƙarshe, a saka abin da aka rasa.

Maganin ciyawar masara irin su atarazin ba ya taɓa masara da dawa, amma yana kashe mai faɗin ganye. Wato ranar da ka fesa shi, ka yanke hukuncin ba wake a tsakanin kunya, ba kuɓewa, ba yakuwa, ba kabewa. Waken nan kuwa shi ne yake mayar wa ƙasa da ƙarfinta, shi ne harawar da za ta riƙe tumaki da rani. Haka tafasa da lalo da gasaya da rama, waɗanda iyayenmu mata suke tsinka a bakin gona su yi kwaɗo su yi miya a watan da rumbu ya yi ƙasa, duk sun shiga sahun "ciyawa". Ba wanda ya nemi shawarar matan gida kafin a kashe musu wannan cefane na kyauta. Maigida ya ƙirga buhunan masara ya ce ya ci riba, uwargida kuma tana sayen abin da a da take tsinkowa. Wannan asarar ba ta taɓa shiga littafin kowa ba.

Sai halittun da suke yi mana aiki ba tare da mun biya su ba. Shamuwa, wadda zuwanta yake shaida mana damina ta kusa, fara da tsutsa take ci. Balbela tana bin garma tana tsince ƙwari. Mujiya, da muke jifa saboda camfi, ɓeraye take kamawa da dare. Ƙudan zuma yana ziyartar furen auduga da riɗi da kabewa, kuma binciken da aka yi a Burkina Faso ya nuna ziyarar tasa tana ƙara yawan auduga da riɗi da ingancinsu. Waɗannan duka suna buƙatar wurin zama: itacen da za a ɗora amya, gamba a iyaka, bakin fadamar da ba a fesa ba. Tun da tsutsar nan mai cin masara ta shigo Najeriya a 2016, hannunmu bai sauka daga famfon feshi ba, kuma maganin da yake kashe ta yana haɗawa da zanzaro da tururuwa da gizo-gizon da suke cin ta. Kowace shekara sai a ƙara yawan maganin, ana mamakin yadda tsutsar ba ta jin sa.

Gawo kuwa, ban san laifin da ya yi mana ba. Itace ne da yake zubar da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana, ya yi ganye da rani dabbobi su huta a inuwarsa su bar taki a gindinsa. Kowane dattijo ya san hatsin gindin gawo ya fi na fili kyau. A ƙasar Maraɗi, bayan fari da yunwar shekarun 1970 da 1980, manoma suka daina tumɓuke kututture, suka riƙa barin tohon da ya fi ƙarfi suna gyara shi. An ƙiyasta cewa ta haka itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Hausawa ne irinmu, ruwan samansu bai kai namu ba, kuma ba su jira dashen gwamnati ba. Mu da Allah Ya ba ƙasa mai ruwa, mu ne muke sayar da ɗorawa da kaɗanya ga masu gawayi.

To ina doka? Tana nan a takarda. Hukumar NAFDAC ta sanar da haramta farakwat, wanda aka fi sani da sunan Gramoxone, daga 1 ga Janairu 2024, atarazin kuma daga 1 ga Janairu 2025. Tarayyar Turai ta hana farakwat tun 2007. Guba ce da take lalata huhu, kuma ba ta da makari. A 2015 Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari irin na fiya-fiya da aka samu a cikinsa. Waken da suka ƙi, mu muka cinye da 'ya'yanmu. Manomi nawa ne a Tsiga labarin waɗannan sanarwa ya kai gare shi? Bayanin da ke jikin kwalba da Turanci yake, mai shago shi ne malamin gona, yaro ɗan shekara goma sha huɗu shi ne mai goya famfo ba takalmi ba takunkumi, kwalbar da ta ƙare kuma a ɗauraye a zuba mai. Dokar da ba ta zo da Hausa ba, ba ta zo da malamin gona ba, ba ta zo da madadi ba, ba ta iso ba tukuna.

Kada wani ya ce ina kira a watsar da takin zamani. Sri Lanka ta gwada haka a watan Afrilun 2021, ta hana shigo da shi dare ɗaya, noman shinkafa ya faɗi, kafin shekara ta ƙare ta janye. Ƙasarmu ta gaji, tana buƙatar taki na zamani da na gargajiya a haɗe. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da guba ma'aunin wayewa.

Dokar da za ta yi aiki ita ce wadda maƙwabta suka ƙulla a tsakaninsu, domin feshi bai san iyaka ba: iska tana kai shi kan tumatirin maƙwabci, ruwa yana gangara da shi cikin fadamar da kowa yake sha. Al'ummar da ta san gayya ba za ta kasa wannan ba. Mai unguwa da sarkin noma da liman za su iya zama kafin ruwan farko su amince: ba feshi a bakin rafi da rijiya, ba feshi lokacin da auduga da riɗi suke fure da hantsi, ba saran gawo da ɗorawa sai da izini, ba ɗora wa yaro famfo. Inda zaman lafiya ya ba da dama, a dawo da tsohuwar yarjejeniyar kwanan shanu a gona bayan kaka.

Mutanen birni ma suna da nasu kason. Ma'aikacin Funtua ko Kaduna ko Kano da yake sayen abincin shekara da kaka, yana kuma ƙorafin an zuba wa wake magani, ya haɗa kai da 'yan uwansa su ba manomi wani kaso na kuɗin tun bazara, da sharaɗin a yi noman da fartanya, a adana waken a buhu mai hawa uku da ba ya buƙatar magani. Kuɗin nan shi ne zai biya ƙwadagon da ya tura manomi ga kwalba. Hukumar raya noma da karkara ta Jihar Katsina, wato KTARDA, kuwa ta fara da abu mafi sauƙi: ta buga sunayen magungunan da aka haramta da Hausa da ajami, ta manna a ƙofar kowane shagon magani daga Bakori zuwa Malumfashi, a kuma karanta a rediyo kafin shukar bana.