Hayaƙin Tema: jirgin ruwa ya rage nasa, saura tirela

Duk wanda ke zaune a Ashaiman ko Tema New Town ya san warin dizal ɗin nan da ke tashi tun da asuba, musamman da hunturu idan ya haɗu da ƙura. Da an ɗauko maganar gurɓatar iska a garin tasha, jiragen ruwa ake fara ɗora wa laifi. Ni kuwa a ganina an fi taɓuka wani abu a teku, kuma hayaƙin da ya fi kusa da hancin yaranmu a kan titi yake fitowa.

Tun 1 ga Janairun 2020 hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta rage yawan sinadarin sulfa, wato farar wuta, da aka yarda ya kasance a man jirgi, daga kashi 3.5 cikin ɗari zuwa 0.5. Ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a tekun Baltik da gaɓar Amurka ta Arewa iyakar 0.1 ce, tekun Bahar Rum ma ya bi sahu a watan Mayun 2025, mu kuwa gaɓarmu ba ta cikin wannan tsari. Sannan jirgi ko ya tsaya ba ya kashe janareta. Maganin da wasu tashoshin Turai suka kama shi ne su jona masa lantarki daga tudu. To amma wanda ya ga zamanin dumsor ya san sai wutar ta tsaya da ƙafarta tukuna.

A tudu ma an yi motsi. Bayan rahoton ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan a 2016, wanda ya tona yadda ake sayar wa Afirka ta Yamma dizal mai datti, Gana ta sauke iyakar sulfa a man da ake shigowa da shi daga 3,000 cikin miliyan zuwa 50 a 2017. Amma mai mai kyau ba ya gyara injin da ya gaji. Da yawa daga tirelolin da ke kwasar kaya zuwa Kumasi, Tamale, Wagadugu da Bamako sai da suka gama aiki a Turai kafin su iso nan.

Abin da ya fi damuna shi ne jira. Direba ya shiga layi, inji na aiki, bai san ko yanzu za a kira shi ko sai gobe ba. Yana tsoron ya kashe mota ta ƙi tashi, ko a matsa gaba a bar shi. Mai na ƙonewa a banza, hayaƙin kuma yana sauka kan mai koko da mai waina da ɗan makaranta da ke tsallaka titi. A aji ina ganin yaran da tari ba ya rabuwa da su. Waɗannan direbobi kuma ba baƙi ba ne, 'yan uwanmu ne na zango, da su muke sahu a masallaci, su da yaran motarsu su suka fi kowa shaƙa. Shi ya sa ban yarda a fara da tara ba. Mai mota yana gida, direba za a kama. A ba kowace mota lokacinta na shiga tasha, a yi wurin jira nesa da gidaje, a auna hayaƙi da gaske ranar sabunta takarda, ba a miƙa abin goro a wuce ba.

Sauran aikin na dogo ne. An ƙaddamar da layin Tema zuwa Mpakadan, kusan kilomita 97, a watan Nuwamban 2024, da nufin kaya su bi tafkin Volta zuwa arewa. Iskarmu ba za ta ji sauƙinsa ba sai kwantena suna hawansa kullum. Tashar tudu ta Boankra kusa da Kumasi kuwa an fi shekara 20 ana maganarta. Duk ɗan majalisar da ya shigo zango neman ƙuri'a, mu tambaye shi ranar da za ta fara karɓar kaya.