Ra'ayi: Kyautar baiko a Ireland, a tambayi hannun da ya yi ta kafin a biya kuɗi

Duk Bahaushen da ya daɗe a Dublin ko Cork ko Galway, karatu ne ya kai shi ko neman abinci, wata rana zai gamu da wannan. Abokiyar aikinsa za ta shigo da sabon zobe a yatsa, a yi ta yi mata barka, a ce saurayinta ya nemi aurenta ta amince. Bayan ƴan kwanaki sai ga gayyatar ɗan ƙaramin buki na baiko. Daga nan tunani ya fara: me za a kai musu?

Abin da ya fi sauƙi shi ne a shiga shagunan ƴan yawon buɗe ido da ke tsakiyar Dublin, a ɗauki duk abin da aka shafa wa koren launi aka zana masa ganyen nan mai kunne uku da ake kira shamrock. A nan ne kuskuren yake. Da yawa daga cikin waɗannan kayan a manyan masana'antu na wata nahiya aka buga su, kuma ƴan ƙasar suna gane su da kallo ɗaya, kamar yadda mutumin Agadez ke gane azurfar bogi tun daga nesa. Baƙo ya kashe guminsa, ma'auratan su yi godiya don kara, kyautar ta ƙare a ƙasan durowa. Araha ba ta ado.

Ma'aunin da ya kamata a riƙe guda biyu ne kawai. Wane ne ya yi abin, a ina? Sannan za su yi amfani da shi a gidan da suke shirin kafawa?

A fara da zoben Claddagh, tunda shi ne kowa ke fara ambata. Hannaye biyu ne riƙe da zuciya, da kambi a samanta: hannaye abota, zuciya ƙauna, kambi riƙon amana. Sunan na wani ƙauyen masunta ne da ke bakin birnin Galway. Labarin da ake bayarwa shi ne wani mutumin Galway mai suna Richard Joyce ƴan fashin teku suka kama a ƙarni na 17, suka sayar da shi ga wani maƙerin zinariya a Aljeriya, ya koyi sana'ar a can, da ya samu ƴanci ya dawo gida da ita. Hatta yadda ake sa zoben magana ce: a hannun hagu, tsinin zuciyar na kallon waje, alamar an yi baiko, in ya juyo ciki, an ɗaura aure.

Kyakkyawan abu ne, amma ba na abokin aiki ba ne. Zobe magana ce tsakanin masoyan biyu da danginsu, kuma a gidaje da dama na gado ne, uwa ke miƙa wa ɗiyarta. Baƙon da ya kawo zobe ya shiga hurumin da ba nasa ba. Wanda kuma kusancinsa ya kai ya ba da azurfa, to ya duba tambarin ofishin gwajin zinariya da azurfa da ke cikin fadar Dublin Castle, wanda ƙungiyar maƙeran birnin ke riƙe da shi tun 1637. Lamba 925 na nufin azurfa ce ta gaske. Sai dai tambarin shaidar ingancin ƙarfe ne, ba shaidar cewa a Ireland aka ƙera ba. Wannan sai an buɗe baki an tambayi mai shago.

Haka abin yake ga rigar sanyi ta Aran, wadda ake saƙawa da farin gashin tumaki, mai sunan wasu tsibirai uku da ke gaɓar Galway. Masu sayarwa kan ce kowane dangi da irin saƙarsa tun zamanin kakanni, har wai da ita ake gane gawar masunci in teku ta maido shi. Masu binciken tarihin saƙa sun nuna cewa rigar a farkon ƙarni na 20 ta bayyana, batun saƙar dangi kuwa ƴan kasuwa ne suka yaɗa shi. Wannan bai rage wa rigar daraja ba. Wadda mace ta zauna ta saƙa da allurai biyu tana cin makonni, shi ya sa take da tsada. In an ga mai arha sosai, inji ne ya yi ta. Kuma ko ta gaske ce, riga ta mutum ɗaya ce, baiko kuwa na mutum biyu ne.

Shi ya sa bargon ulu ya fi dacewa. Ƙasa ce ta ruwan sama da sanyi kusan duk shekara, babu gidan da bargo zai zauna a banza. Masaƙar Avoca da ke yankin Wicklow tana aiki tun 1723. Ta Foxford da ke Mayo wata mai hidimar coci, Agnes Morrogh-Bernard, ta kafa ta a 1892 domin talakawan yankin su samu aikin yi, aka riƙa juya injunanta da ruwan kogin Moy. Gaskiya ita ce yawancin saƙar irin waɗannan wurare yau da inji ake yin ta, amma a ƙasar ake yi, mutanen garin ke cin abinci da ita. Mai son saƙar hannu zalla sai ya nufi Donegal, musamman garin Ardara, inda har yanzu akwai masu zama gaban masaƙar katako.

Gilashin Waterford shi ne babban darasi kan yadda suna ke ruɗin mai saye. An kafa kamfanin a 1783, sunansa ya zagaya duniya. A 2009 babbar masana'antarsa ta rufe, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki. Yau akwai ƙaramar masana'anta a tsakiyar birnin inda ake ci gaba da sassaƙa gilashi, amma kaso mai yawa na kayan da ke ɗauke da sunan a wasu ƙasashen Turai ake yin su, irin su Sloveniya. Wasu daga cikin tsofaffin ma'aikatan sun buɗe ƙananan shagunansu. Kwanon gilashi ɗaya daga hannun irin waɗannan ya fi kwali guda na abin da ba a san asalinsa ba.

Ga mai ƙaramin ƙarfi akwai hanyoyi masu kyau. Kofunan shayi biyu na yumɓu daga magina irin na Nicholas Mosse da ke kusa da Kilkenny kyauta ce da za a taɓa kowace safiya, domin mutanen Ireland suna cikin waɗanda suka fi kowa shan shayi a duniya. Akwai farin hankici na lilin, wanda bisa al'ada amarya ke riƙewa ranar buki, daga baya a mayar da shi hular ɗan fari. Akwai kuma ƴar ƙararrawar sulhu: ana ajiye ta a gida, in gardama ta yi zafi ɗaya ya kaɗa ta, a tuna alkawarin da aka yi. Wanda addininsa bai bar shi ya ba da gicciyen Brigid ko kofunan giya ko takalmin doki na neman sa'a ba, ba ya buƙatar dogon bayani. Zaɓi na da yawa, babu wanda zai tambaye shi dalili.

Wasu za su ce duk wannan wahala ce, a sa kuɗi a ambulan a huta. Maganarsu na da tushe. Matasan Ireland na fama da tsadar haya da wuyar mallakar gida, kuma kuɗi ne aka fi bayarwa ranar ɗaurin aure. Amma baiko daban, buki daban. Tsakaninsu akan ɗauki shekara ɗaya ko fiye, doka ma ta ce sai an sanar da hukuma wata uku kafin aure. Kuɗi na jiran ranarsa. Kyautar baiko ƙarama ake so, wadda ke nuna an yi tunanin mutanen. Yuro 50, wato kusan jikka 33 na sefa, ya isa ya sayi abu mai mutunci. Wanda ke aika kuɗin cefane gida kowane wata bai kamata ya ci bashi don burge kowa ba.

Wasu kuma za su ce me zai hana a kai musu abin gida, aikin fata na Zinder ko azurfar Agadez? Babu laifi ko kaɗan, wani lokaci ma ya fi armashi, tunda ba za su samu irinsa a wurin kowa ba. Sai dai sharaɗin bai canza ba: ya zama na gaske, kuma mai bayarwa ya iya faɗin inda aka yi shi.

Abin da ke cikin wannan magana ya wuce sayayya. Mutanen Maraɗi da Kano sun ga yadda kwaikwayon da ake shigowa da shi ya kwantar da masaƙa da marina. Masaƙin Donegal da maginin Kilkenny wannan yaƙin suke yi. Duk lokacin da baƙo ya sayi na bogi, ya taya a kashe sana'ar wani, alhali ya san zafin abin daga gida.

Saboda haka kafin a biya, a juya kayan a karanta abin da aka rubuta a ƙasansa. “An tsara a Ireland” ba ɗaya ba ne da “an yi a Ireland”. A tambayi sunan wanda ya yi shi da garinsa, a rubuta su a katin da za a haɗa da kyautar. In mai shago ya kasa amsawa, akwai wani shagon a gaba. Matambayi ba ya ɓata.