SARAUTAR GADO A FILIN ƘWALLO

Jama'a, Juma'ar da za ta yi kyau tun Laraba ake gane ta. Ran 3 ga Satumba 2022 Jami'ar Iowa ta buɗe kakar ƙwallon Amurka da South Dakota State, ta ci 7 da 3. Wai nasara! Maki 3 bugun ƙafa ne, 4 kuwa masu tsaron baya suka kawo. Masu kai hari ko sau ɗaya ba su shiga gidan abokan karawa da ƙwallo ba. Yadi 166 kaɗai suka ci.

Wa aka damƙa wa harin? Brian Ferentz, ɗan babban koci Kirk Ferentz, wanda ya hau kujera tun 1999. Da ɗan wani ne, da tuni an sallame shi. Shi kuwa sai lallashi. A 2023 aka gindaya masa maki 25 kowane wasa a matsakaici, ya kasa, sannan a Oktoba aka sanar ba zai dawo ba.

Mu dai muna nan kan bakanmu: muƙami na mai cancanta ne. Duk inda aka mai da shi gadon gida, talakan da ya biya kuɗin ƙofa shi ke kwasar takaici.