SHAWARAR WATA: Shingen aguwa maganin rigima

A Turai da Amurka, mutane suna biyan kuɗi a aiko musu da itatuwa masu ajiye ruwa a jikinsu ta gidan waya, su dasa a tukunya don ado. A ƙasar Madarunfa irinsu suna nan a daji, kyauta. Wadda ta fi amfani ita ce aguwa.

Da rani, bisashe suna gangarowa tabkin Madarunfa shan ruwa, su bi ta gefen garake. Inda babu shinge, nan rigima take tashi tsakanin manomi da makiyayi. Shingen ƙaya yana ƙarar da itatuwan daji. Na kara, gara take cinyewa. Shingen aguwa kuwa rai gare shi, kuma bisashe ba su damu da shi ba.

Ga yadda ake yi. A watan Afirilu ko Mayu, kafin ruwan farko, manomi ya saro rassa masu kauri, tsawon kamu 2. Ya aje su a inuwa kwana 3, nonon ya bushe. Ya gina rami zurfin taƙi 1, ya jera su kusa da juna, ya take ƙasa.

Kada a yi mata ban-ruwa. Laima mai yawa ruɓar da ita take yi. Shi ya sa ta fi kamawa a jigawa bisa ga fadama.

Hattara: nonon aguwa yana cutar ido. A wanke hannu da sabulu bayan aiki, a hana yara taɓawa.