"Fara Ce?" Tambayar da Ke Ƙona Fatar 'Ya'yanmu

A Sule Tankarkar, kamar sauran ƙasar Gumel, idan saurayi ya ce ya ga matar aure, sau da yawa tambayar da yayyensa mata ke fara yi ita ce, "Fara ce?" Asali da tarbiyya sai daga baya. Ƙanwarsa baƙa tana gefe tana ji. Ita ce za ta ba da sautun man bilicin ranar Alhamis idan za a ci kasuwar Maigatari.

Masu kare wannan ɗabi'a sukan ce haka duniya ta gada. Ban yarda ba. Herodotus, masanin tarihin Girka da ya rayu fiye da shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya siffanta baƙaƙen da ke kudu da Masar a matsayin mutanen da suka fi kowa tsawo da kyau. Girkawa na da girman kai, suna raina duk wanda ba ya jin harshensu, amma harshe da al'ada suke dubawa. Rumawa kuwa sun bautar da mutane ba tausayi, sai dai bayinsu sun haɗa da fararen Turai da aka kamo a yaƙi. Septimius Severus, haifaffen Leptis Magna da ke Libiya ta yau, ya mulki Rum daga 193 zuwa 211, ɗansa Caracalla kuma a 212 ya mai da kusan duk 'yantattun daular 'yan ƙasa. Jera mutane bisa launi ya yi ƙarfi ne daga baya, lokacin da masu jigilar bayi zuwa Amurka suka buƙaci hujja.

Abin da ke ci mini rai shi ne mu Musulmi ne, mun san matsayin Sayyidina Bilal, mun san huɗubar bankwana ta soke fifikon launi, amma har yau muna kirarin farar mace alkyabbar mata.

A 2023 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Da yawan mayukan nan na ɗauke da sinadarin makuri, mai lalata ƙoda. Fata ta yi laushi, ciwo ya ƙi warkewa, ga zafin ranar yankinmu. Wasu matan ma a akwatin lefe ake kai musu mayukan.

Kama masu sayarwa ba zai wadatar ba muddin gida ne ke tura mai saye. Iyaye mata da samari, ku daina wannan tambayar. Malamai, ku hau mumbari da ita.