Mai Ba Ya Narkar da Kitse, Ko da na Inabi Ne

Daga cikin tallace-tallacen da ke yawo a WhatsApp da Facebook, waɗanda ke faɗowa wayar malamin Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara kamar yadda suke faɗowa ta ma'aikaciyar jinya a Maradun, akwai na wani mai da ake matsowa daga ƙwallayen da ke cikin inabi. Ana cewa yana narkar da tumbi, yana rage ƙiba, yana wanke jijiyoyin jini. Har akan ba da shawarar shan cokali guda da safe, wani da dare. Wannan magana ba ta da tushe, kuma lissafin ɗan firamare ya isa ya rushe ta.

Kowane irin mai, na gyaɗa ne ko na ja ko na zaitun ko na ƙwallon inabi, yana ɗauke da kalori 9 a kowane giram. Babban cokali guda yana da kusan kalori 120. Wanda ya ƙara cokali biyu a kan abincinsa na kullum ya ƙara wa jikinsa kalori 240 a yini, wato 7,200 a wata, kusan daidai da abin da ke cikin kilo guda na kitsen jikin mutum. Ke nan maganin ƙiban da kansa hanyar ƙiba ne. Hausawa kan ce ana yi wa rogo kallon kitse. A nan kuwa kitsen ne ake yi wa kallon magani.

Asalin man ma ya kamata a sani. A Italiya da Faransa da Sifaniya, masu yin giya kan matse inabi su bar tulin ɓawo da ƙwallaye. Daga wannan tusa ake fitar da man. Da yake ƙwallon ba shi da mai da yawa, galibi ba ya wuce kashi 20 cikin 100, masana'antu kan yi amfani da sinadarin hekzen su tsotso shi, sannan su tace. Babu barasa a cikinsa, kuma ba laifi ba ne a mori abin da za a zubar. Ƙuli-ƙuli ma daga tunkuza yake. Laifin shi ne a ɗauki ragowar masana'anta a sa mata rigar magani don a ninka farashinta.

Dabarar tallan ta dogara ne ga haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Gaskiya ne ƙwallon inabi yana da wasu sinadarai masu kare ƙwayoyin jiki, waɗanda masana suka daɗe suna bincike a kansu. Amma waɗannan sinadarai ba sa narkewa a mai. Idan aka matse ƙwallon, mafi yawansu a cikin tusa suke zama, kaɗan ƙwarai ke biyo man, tacewa kuma ta ƙara rage su. Mai talla sai ya ɗauko sakamakon binciken da aka yi a kan garin ƙwallon ya manna shi a jikin kwalbar mai.

Binciken da aka fi ambata a kan man kansa an yi shi ne a Tabriz ta ƙasar Iran, aka wallafa a 2013. Mata 44 masu ƙiba aka raba gida biyu na tsawon mako takwas, wasu na cin man ƙwallon inabi, wasu wani man girki daban. An ga ɗan sauƙi a wasu alamomin jini ga kashin farko. Sai dai duka gidajen biyu an rage musu abinci tun daga farko. Wanda aka rage wa tuwo ya rame, ba man da ke cikin miyarsa za a yi wa kirari ba.

Adalci ya sa a faɗi abin da man yake da shi. Kitsensa mai daskarewa kaɗan ne, kusan kashi 10 cikin 100, kuma yana da bitamin E. Wanda ya bar kitsen nama ko man shanu ya koma gare shi, mugun kwalastarol na jininsa zai iya sauka. Amma wannan fa'ida ta musanya ce, ba ta ƙari ba, kuma ba ta keɓanta da shi ba. Man gyaɗa da matan Bakura ke matsa a tsakar gida, kusan kashi 80 cikin 100 nasa kitse ne marar daskarewa, shi ma yana da bitamin E. Man waken suya ma haka. Man ja kuwa, duk da nauyin kitsensa, yana da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda man inabi ba shi da shi.

A wannan yanki maganar ta fi ƙarfin gardamar ɗakin girki. Ƙananan hukumomin nan uku su ne ke cin ruwan madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 don ta ciyar da ƙasa. Yau rashin tsaro ya raba manoma da yawa da gonakinsu, har ƙungiyar likitoci ta MSF tana jinyar yara masu tamowa a Talata Mafara. Abincin ceton da ake ba irin waɗannan yara, ɗan ƙunshin nan mai kalori 500, ginshiƙinsa markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce da mai da madara da sukari. Likitoci sun san aikin mai: ƙara nauyi. A gari ɗaya ana ba yaro mai don ya yi ƙiba, ana sayar wa ma'aikaci mai don ya rame. Ɗaya daga cikin biyun dole ƙarya ne, kuma ba na asibiti ba ne.

Asarar kuɗi ita ce ƙarama. Babbar ita ce ta mai hawan jini ko ciwon suga da ya ji an ce kwalba ta wanke jijiya, ya fara tsallake ƙwayoyinsa. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shanye ɓarin jiki. Kuma masu ilimin boko ne suka fi hatsari a nan, domin su ke da albashin saye, su kuma 'yan uwa ke kwaikwayo. Idan malami ya tura talla a zauren dangi, ya sa mata hannu da darajarsa.

Hanyar rage ƙiba sananniya ce, rashin daɗinta ne ya sa ake neman wata. A rage man da ake malalawa a miya da suyar ƙosai da masa, kowane iri ne. A rage lemon kwalba da sukarin shayi. A ƙara zogale da rama da wake. A yi tafiyar ƙafa, aƙalla minti 150 a mako kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. A riƙa auna jini a asibiti. Wanda yake son man ƙwallon inabi don ɗanɗanonsa kuma yana da halin saye, ya saya ya yi girki. Wanda yake son ya rame kuwa, cokalin da ya mayar cikin kwalba shi ne zai amfane shi.